Ƙafar Mota Tsakanin Jamus da Japan: Tafiya Daga Stuttgart Zuwa Hamburg

Kawu ya tarbe ni a filin jirgin Frankfurt da tsohuwar Marsandinsa mai dogon baya, mai shan dizal. Ƙanen mahaifiyata ne, ya daɗe a Hamburg yana sayen motoci na hannu yana loda su a jirgin ruwa zuwa Kwatano da Legas. Tun kafin in zo mun sha gardama ta waya a kan motar Jamus da ta Japan. Ni Toyota nake hawa a Kano, shi kuwa a wurinsa duk motar da ba Bajamushe ne ya ƙera ta ba, maneji ce kawai. Ranar da na sanar da shi zuwana ya ce: "Ɗana, ka taho da idonka. Ba inji zan nuna maka ba, ƙafa zan nuna maka. Mutanenmu in za su sayi mota bonet suke buɗewa, ba mai durƙusawa ya leƙa ƙasa."

Daga filin jirgin muka miƙi hanyar kudu. Otoban ba kamar yadda ake ba da labarinsa a majalisa yake ba, wai ko'ina sai ka taka iya ƙarfinka. Wurare da dama suna da iyakar gudu, ga aikin gyaran hanya da ba ya ƙarewa, ga cunkoso a bakin manyan birane. Amma in ka ga farin allon nan mai zagaye da aka ja wa baƙaƙen layuka a karkace, to daga nan babu iyaka, sai dai hukuma na ba da shawarar kada a wuce kilomita 130 a awa. Kawu ya koma layin hagu, allura ta hau 180 ta zauna. Ba gudun ne ya ɗauki hankalina ba. Motar ce ta lafe a kan kwalta, sitiyari bai yi rawa a hannunsa ba, kuma da muka taka mahaɗar wata gada sai na ji "dum" guda ɗaya, jikinta bai sake lilo ba.

"Ka ji?" in ji shi. "Sau ɗaya. Motar da za ta yi tsalle biyu ko uku a wannan gudun, ba ta hannun direbanta."

A Stuttgart muka shiga gidan tarihin Mercedes-Benz, wanda aka buɗe a 2006. Lif ne ke kai ka can ƙololuwar ginin, sannan ka riƙa gangarowa a zagaye, shekaru na bin ka. Abin da ka fara cin karo da shi doki ne, kafin motar Carl Benz mai ƙafa uku ta 1886. A nan aka tuna mana da matarsa Bertha, wadda a 1888 ta ɗauki 'ya'yanta maza biyu ta tuƙa daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar fiye da kilomita 100. A hanya katakon birki ya cinye, ta sa wani baduku ya buga masa fata. Gangare da hawan tudu suka nuna mata abin da mijinta bai gani ba a cikin shagonsa. Tun daga ranar farko ke nan hanya ce ke faɗa wa maƙeri abin da zai gyara.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen motocin da muka tashi muka gani a titunanmu. Ga W123, wadda aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, kusan guda miliyan 2.7, motar alhazai da manyan ma'aikata. Tana da tsayi daga ƙasa, tayarta mai kauri, sifirin ɗinta dogo, shi ya sa har yau ana ganin ragowarta tana aiki a ƙasashen Afirka. Sai kuma 190 da ta fito a 1982. Da ita Marsandi ta shigo da sabon tsarin ƙafar baya, inda kowace taya take da hannuwa biyar da ke riƙe da ita, kowane da aikinsa: wannan ya hana ta karkata, wancan ya hana ta buɗewa in an taka birki. V-Boot ta gaji wannan tsari, daga nan ya bazu. Kawu ya tsaya yana zana mini shi da yatsa a tafin hannu, fuskarsa cike da alfahari, kuma yana da gaskiya. Wannan tsarin ne ya sa motarsa ta lafe a gudun 180.

Sai dai ni lissafin da nake yi daban ne. Hannuwa biyar a dama, biyar a hagu, kowane hannu da bushin roba ko boljoyin a bakinsa biyu. Wuraren lalacewa ashirin ke nan a baya kaɗai. A Jamus roba tana tsufa a hankali, kuma dole a kai mota gwajin lafiya bayan shekara uku da fitowarta, sannan duk bayan shekara biyu. In mai gwaji ya ga bushi ya tsage ko shakazoba na yoyo, ba zai manna maka tambari ba. A wurinmu kuwa zafin bazara yana dafa robar, ƙurar hunturu tana shiga boljoyin, rami yana ƙarasa aikin, mai mota kuma ba zai je gareji ba sai ya ji ƙara. Bakanike ya canza hannu ɗaya da na hannu, ya bar tara. Bayan wata biyu wani ya fara kuka. A nan ne aka samo maganar cewa motar Jamus ba ta barin aljihu ya huta. Ba ƙarya ba ce, amma ba duka gaskiyar ba ce. An ƙera ta ne don mai ita ya riƙa bin ƙa'idar gyara a kan lokaci, mu kuwa a tsufanta take zuwar mana, lokacin da duk bashin gyaran ya taru.

Muna hanyar arewa maso yamma, zuwa tsaunukan Eifel, na kawo wa Kawu hujjar Japan. Can gudun babbar hanya kilomita 100 ne a awa, wasu sassa ƙalilan 120, kuma kamfanoninsu sun daɗe suna kulle motocin cikin gida a 180. Titunan gari matsattsu ne, cunkoso ya yi yawa. Mai sayen mota a can laushi yake nema da rashin ƙara da rashin zuwa gareji. Saboda haka Corolla ta daɗe da ƙafar gaba mai sauƙi, shakazoba da sifirin a haɗe da hannu ɗaya a ƙasa, a baya kuma samfura da yawa ƙarfe guda ne ya haɗa tayoyin biyu. Ba za ta lafe a kwana kamar BMW ba. Amma abin da babu shi a jikin mota ba ya lalacewa, kuma yaron gareji a Wudil ko Maraɗi zai kwance ta ya mayar kafin la'asar.

Kawu bai ƙyale ni ba. Ya tuna mini cewa da Toyota ta kai Crown Amurka a ƙarshen shekarun 1950, motar ta kasa jure gudun manyan hanyoyinsu, inji na zafi, jiki na kakkarwa, har aka janye ta daga kasuwar. Haka ne. Amma abin da na fi girmama Japanawa da shi ke nan: ba su yi musu ba, sun koma sun koya. Da suka yi niyyar ƙera Lexus LS 400, wadda ta fito a 1989, a kan otoban ɗin nan da muke kai suka gwada ta, suna auna ta da manyan Marsandi da BMW.

Akwai kuma abin da masu gardama a gida suke mantawa. A Japan hannun hagu ake bi, sitiyarinsu a dama yake, Najeriya kuwa ta koma hannun dama tun 1972. Yawancin Camry da muke kira Big Daddy ko Muscle ba daga Japan suka fito ba, a Georgetown ta jihar Kentucky aka haɗa su, inda Toyota ke ƙera mota tun 1988, kuma an saita ƙafarsu da laushi don dogayen hanyoyin Amurka. Haka Marsandi ML a Alabama aka haɗa ta, BMW X5 a South Carolina, Sharon ɗin da ke jigila tsakanin Kano da Katsina kuwa a Fotugal. Tambarin da ke goshin mota ba shi kaɗai ke faɗin halinta ba. Sai ka tambayi kasuwar da aka yi wa ita.

Nürburgring, filin tseren motocin da muka nufa a Eifel, tana cikin daji, gefen wani tsohon gidan sarauta da ke kan tudu. An buɗe ta a 1927. Zagayen arewa, Nordschleife, yana da tsawon kilomita 20.8, kwanoni fiye da saba'in, kuma tsakanin wuri mafi tudu da mafi kwari akwai kusan mita 300. A nan direban tsere Niki Lauda ya ƙone a hatsari a 1976, daga wannan shekarar gasar Formula 1 ta bar tsohon zagayen. A ranakun da aka ware, duk mai mota mai cikakkun takardu zai iya biyan kuɗi ya shiga. Kafin mu shiga muka tsaya a Brünnchen, inda 'yan kallo ke jingina da shinge. Porsche ta wuce, BMW M3 ta biyo ta, sai Golf GTI. Amma ban yi tsammanin yawan motocin Japan da na gani ba: Honda Civic Type R, Toyota GR Yaris, Mazda MX-5, da ƙananan Suzuki Swift da ake bayarwa haya ga baƙi. Daga shingen kana iya karanta ƙafar kowace mota. Wata ta shiga kwana ta zauna daram. Wata ta kwanta gefe, ta tashi, ta sake kwanciya, direban na ta kokawa da sitiyari.

Kawu ya shiga da mu a hankali, yana bin gefen dama yana ba masu sauri hanya. Abin da ya ba ni mamaki shi ne hanyar ba sumul take ba. Akwai faci, akwai tudu da ke ɗaga cikinka, akwai kwari da ke danna ka cikin kujera. A kwanar da ake kira Karussell, ƙasan falankin siminti ne a karkace, mota na shiga sai haƙoranka su haɗu. A nan na fahimci dalilin da ya sa kamfanoni suka kafa wuraren gwaji a kewayen wurin. Ba santsinta suke nema ba, muguntarta suke nema. Motar da aka ɗaure wa ƙafa ta yi tauri fiye da kima ba ta yin sauri a nan, domin tayar da ke tsalle a iska ba ta riƙe komai.

Japanawa sun daɗe da gane wannan. Nissan ta horar da Skyline GT-R a nan, Honda ta kawo NSX, kuma a 2023 Civic Type R ta zagaye hanyar cikin minti 7 da daƙiƙa 44. Babban direban gwajin Toyota, Hiromu Naruse, ya shafe shekaru yana kawo matasan injiniyoyi wurin, kuma shi ya koya wa Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, tuƙin gwaji, har Akio ya shiga tseren awa 24 na Nürburgring a 2007 da sunan Morizo. A watan Yunin 2010 Naruse ya rasu a wani karo a kan titin da ke kusa da filin, yana cikin motar gwaji ta Lexus LFA. Aƙidarsa, wadda Toyota ke maimaitawa har yau, ita ce hanya ke gina mota. Kawu ya yi shiru da na ba shi wannan labari, sannan ya ce: "To ai a makarantarmu suka yi karatu." Na ce: "Haka ne, Kawu, amma sun ci jarrabawa."

A wani ƙauye kusa da filin muka shiga garejin wani dattijon Bajamushe da Kawu ya sani, wanda aikinsa kawai saita ƙafar mota. A kan teburinsa akwai shakazoba biyu da aka tsaga gida biyu don koyarwa, Kawu na yi mini tafinta. Ya fara da abin da direbobi da yawa ba su bambance ba. Sifirin ne ke ɗauke da nauyin mota, ba shakazoba ba. Aikin shakazoba shi ne hana sifirin ci gaba da lilo bayan ya taka rami. Sifirin doki ne, shakazoba linzaminsa. A cikinta akwai fistin mai ƙananan ƙofofi da ke tura mai, kuma wahalar da man ke sha wajen ratsa ƙofofin ita ke cinye ƙarfin tsallen ta mayar da shi zafi.

Ta farko mai bututu biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, irin wadda ke jikin yawancin motoci daga masana'anta. Tana da araha, tana da laushi, kuma in dutse ya lotsa bututun waje ba lallai ta mutu ba. Matsalarta ita ce in aka daɗe ana dukanta a gargada, man yana zafi ya gauraya da iska ya yi kumfa, kumfa kuwa ba ya riƙe fistin. Nan take na tuna hanyoyin burji na ƙauyukanmu, inda mota ke fara tafiya lafiya, bayan rabin awa ta koma rawa, direba ya ɗauka hanyar ce ta ƙara lalacewa. Ta biyu mai bututu ɗaya ce, da iskar nitrojin mai matsi sosai a ƙasa, wani fistin na daban ya raba ta da man. Matsin yana hana kumfa, bututun kuma yana fitar da zafi kai tsaye. Wani Bafaranshe, Bourcier de Carbon, shi ya ƙirƙiro dabarar, kamfanin Bilstein ya inganta ta, Marsandi ta fara sa ta a motocinta a 1957. Ita kuma rauninta shi ne in bututun ya lotse, fistin ya maƙale. Dattijon ya ɗaga yatsa ya yi gargaɗi cewa kada a kuskura a huda irin wannan. Na yi tunanin masu huda shakazoba a bakin titi su ɗura mata baƙin mai su toshe da walda, gabana ya faɗi.

Na tambaye shi game da rage wa mota tsawo, wanda samarinmu suka fara kwaikwaya daga hotunan intanet. Ya nuna mini kayan da ke kan kanta. Ga sifirin na Eibach da na H&R, masu sauke mota da santimita uku ko huɗu. Ga Bilstein mai launin rawaya, B6 ga motar da ke tsayinta na asali, B8 ga wadda aka sauke. Ga na KW, waɗanda ake ƙerawa a Fichtenberg, shakazoba da sifirin a haɗe, masu zare a jiki yadda za ka murɗa ka ɗaga ko ka sauke, wasu har taurin shiga da na fita ana saita su daban. Ga kuma koren Tein daga Yokohama, wanda masu motocin Japan ke so. Ya ce duk suna da kyau in an sa su inda ya dace. Gajeren sifirin a kan tsohuwar shakazoba kuwa kashe kuɗi ne, domin za ta riƙa aiki a inda ba a yi ta don shi ba, ta mutu da wuri.

Abin da ya fi burge ni shi ne doka. A Jamus ba ka da ikon ɗaura wa mota duk abin da ka ga dama. Kayan suna zuwa da takardar shaida mai nuna irin motar da aka gwada su a kai, kuma sau da yawa sai ka kai wa masu gwaji irin su TÜV sun duba sun shigar a takardun mota. In ba haka ba izinin hawanta titi na iya faɗuwa, inshora kuma ta juya maka baya ranar hatsari. Japan ma tana da nata gwajin mai tsanani, wanda ba ya yarda ƙasan mota ya gaza santimita 9 daga titi. Ƙasashen da suka fi kowa son wasa da mota ke nan, kuma su ne suka fi kowa tsare iyakar wasan.

Da Kawu ya kwatanta masa hanyoyinmu, da ramukan damina, da tudun rage gudu da kowace unguwa ke ginawa yadda ta ga dama, dattijon ya girgiza kai ya ce ai mu kishiyar wannan muke buƙata. Ya gaya mana abin da ban taɓa ji daga bakin wani dillali ba: kamfanonin Jamus da kansu suna da tsarin ƙafa na musamman don ƙasashe masu munanan hanyoyi, wanda ke ɗaga mota da kamar santimita biyu, da sifirin da shakazoba na daban, wani lokaci da farantin ƙarfe mai kare ƙasan inji. Motar da aka saya sabuwa don titin Munich ba ta da shi. Ita ce kuma ake loda mana bayan shekara goma sha biyar, sifirin ya riga ya zauna, gishirin da ake watsawa a titi lokacin ƙanƙara ya ci ƙarfen.

Nan tunanina ya koma kan Fijo 504 da aka haɗa a Kaduna tun 1975. Ba Bajamushiya ba ce, ba ta Japan ba, amma ta mallaki hanyoyin Arewa shekara da shekaru saboda ƙafarta tana da dogon zango, taya na iya nutsewa cikin rami ta fito jikin motar bai sani ba. Hilux da Land Cruiser suka gaji wannan sarauta a hanyar Agadas da cikin Chadi, da gatari mai ƙarfi da sifirin mai falle-falle a baya, wanda ko ya karye maƙeri zai ɗaure shi a kai gari. Masu irin waɗannan motoci da suke da hali sukan sa kayan Old Man Emu na Ostareliya, waɗanda aka yi don jeji da kaya masu nauyi, suna ɗaga mota da kamar santimita biyar. A wannan fagen, in faɗi gaskiya, Japan ba ta da abokin gardama.

Sai dai ɗagawa ma tana da iyaka, kuma ba na son a ce ni na ba da fatawar cusa sifesa mai kauri a kowace mota. A 1997 wata mujallar Suwidin ta gwada sabuwar Marsandi A-Class a gwajin kauce wa dabba a guje, motar ta kife. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya sauke ta, ya ƙara wa ƙafar ƙarfi, ya sa na'urar hana zamewa a kowace ɗaya. In injiniyoyin Stuttgart sun sha wuya da tsayin mota, to mai walda da ke yanka faifan ƙarfe ya ɗora a kan sifirin fa? Mota in ta yi sama nauyinta ya yi sama, shaf ɗin gaba ya karkace, saitin taya ya gudu. Haka masu cusa guntun tsohuwar taya tsakanin zoben sifirin. Motar za ta ɗaga, gaskiya ne, amma an kashe zoben da aka toshe, sauran su ɗauki duk dukan har su karye. Na san dalilin da ke sa direban haya yin haka. Sharon da aka yi don mutum bakwai tana ɗaukar goma da buhunan hatsi, kuɗin mai ya hana shi sakat, ga balas na mai mota. Ban raina wahalarsa ba. Amma rayukan da ke bayansa ba su san an toshe sifirin ba.

Daga Eifel muka bi ta Kolon, inda sashen tseren Toyota na Turai yake, muka ratsa Ennepetal, garin Bilstein, kamfanin da ya faro a 1873 da ƙera ƙarafan taga. Gaba kaɗan cikin tsaunukan Sauerland akwai Finnentrop ta Eibach da Lennestadt ta H&R. Ƙananan garuruwa ne masu tsit a cikin kwari, ba za ka ce sunayensu na manne a motocin tsere na duniya ba. Ba mu tsaya ba, dare ya yi, Hamburg da nisa.

A Hamburg Kawu ya kai ni Billstraße, titin da kayan hannu ke taruwa kafin su nufi Afirka. Firji, talabijin, katifu, injinan mota, tayoyi. A wani fili na ga tulin shakazoba da hannuwan ƙafa an zube su, ana cusa su cikin motocin da za a loda. Wasu jikinsu jiƙe da mai. Na ɗauki ɗaya na danna, ta shige ba tare da wata turjiya ba, ba ta dawo ba. Irin wannan ce za a wanke da fetur a goge, ta isa Ladipo ko Panteka ko Ƙofar Ruwa, a ce maka 'yar Beljiyam ce, ta fi sabuwa. Kuma mai saye yana da uzurinsa, domin sababbin da ke kasuwa da yawa jabu ne a cikin kwali mai babban suna, sun sha cutar da shi. Tsakanin matacciyar asali da sabuwar jabu aka bar shi ya zaɓa. Kawu ya ce shi ya daina haɗa wa abokan cinikinsa irin wannan tulin. In ya sayar da mota, yakan shawarci mai ita ya ƙara kuɗi a sa masa sababbin shakazoba huɗu na Sachs ko Bilstein ko KYB a cikin but, daga dillalin da aka sani. Wasu suna yarda, da yawa suna cewa a sa musu manyan rim a madadin haka.

Wannan zaɓin ya fi komai ba ni takaici. Rim mai inci 19 ko 20 yana zuwa da siririyar taya, alhali kaurin gefen taya shi ne abu na farko da ke shanye dukan rami kafin ya kai ga sifirin. Ka cire shi, ka tura dukan kai tsaye ga boljoyin da bushi, rim ɗin kansa ya lanƙwashe. Inci 15 ko 16 da taya mai kauri ya fi dacewa da mu nesa ba kusa ba. Haka manyan motocin da ke tafiya a kan jakar iska, kamar S-Class tun daga samfurin 1998. Daɗinsu ba ya misaltuwa, amma ranar da jakar ta tsage ko famfon ya ƙone za ka tarar da mota ta durƙusa a ƙofar gida. Masu mayar da su kan sifirin ƙarfe ba su yi laifi ba, muddin sun sayi kayan da aka yi don wannan samfurin, ba wanda aka ciro daga wata mota aka yanke ba.

Ni da Kawu ba mu tashi da ra'ayi ɗaya ba. Shi har gobe Marsandi, kuma wanda ya zauna a gefensa a gudun 180 ba zai ce ya yi kuskure ba. Mai zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna da Kano, wanda yake da bakanike na ƙwarai kuma ba ya jiran ƙara kafin ya gyara, motar Jamus za ta ba shi natsuwar da Corolla ba za ta ba shi ba. Amma mai mota ɗaya tilo, wadda za ta kai yara makaranta ta kuma je ƙauye da damina, ni dai ta Japan zan ce ya saya, don sauƙin ƙafarta da samun kayanta a kowane gari.

Ko wacce ka zaɓa, ranar da ta iso hannunka ka kai ta rami kafin ka kai ta wurin mai fenti. A duba bushi da boljoyin da tayarod, a canza shakazoba bibbiyu, gaba tare, baya tare, a sa sabon sifirin in tsohon ya zauna, sannan a yi saitin taya. Kada ka bari a huda, kada ka bari a toshe, kada ka bari a yanke. Jami'an duba lafiyar motoci kuma muna roƙonsu su riƙa leƙa ƙasan motocin haya a tasha kamar yadda suke duba takardu, domin fasinja ba shi da hanyar sanin abin da ke ƙarƙashin kujerarsa.